Kwalabe Bakwai a Cikin Lefena

Sallama gare ku, masu bin labarina a waya. Na ga abin da wasunku suka rubuta a ƙasan na baya. Wata ta ce wai tsohuwa mai jikoki me ya kai ta soyayya. Yarinya, tsohuwar zuma da ita ake magani. Ki bari ki kai inda na kai, sannan mu zauna mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Batulu, a Birnin Kudu nake, ina sayar da kunun gyaɗa da ƙosai a bakin babban asibiti. Mijina ya rasu da daɗewa, na aurar da 'ya'yana duka, na ɗauka ni da biki sai dai in je na wasu. Sai Allah ya haɗa ni da Malam Yahuza mai gyaran rediyo.

Ba fuskarsa na fara sani ba, sautinsa na fara sani. Shagonsa yana kan hanyata ta komawa gida. Wata la'asar ina tafe da bokitin kunu a kaina, sai wani abu ya fito daga shagon ya tare ni a tsakiyar hanya. Ba waƙa ba ce, babu mai rera komai. Jita ake taɓawa a hankali, garayar nan ta Turawa, amma duk tsirkiyar da aka taɓa sai sautin ya tafi can nesa, kamar ya je ya gai da duwatsun bayan gari, sannan ya dawo yana 'yar rawa. Na tsaya cak. Na gan ni ina yarinya a gonar babanmu, gero ya fi ni tsawo, hadari ya haɗo ta gabas, ana kiran sunana daga wani wuri da ban sani ba. Ban farga ba sai da ɗan acaɓa ya yi ta danna mini ham.

Haushin kaina ya kama ni, na leƙa shagon na sauke shi a kan mai shago.

"Malam, da furfurarka kake wannan? Me ka bar wa yara?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ai na ba yaran, sun ƙi karɓa. Sun ce ba ya tashin unguwa."

Abin da ke fitar da sautin wani akwati ne, bai kai buhun shinkafa girma ba, an lulluɓe shi da yadi ruwan ƙasa mai kauri, kusurwoyinsa duk sun ƙoƙe. Amfilifaya sunansa, a jikinsa ake jona jitar, lasifikarsa a cikinsa take. Tun yana saurayi ya saye shi a Kano, a hannun wani makaɗi ɗan Gana da zai koma ƙasarsu. Ya juyo mini da bayansa, na ga kwalabe bakwai a jere, kai a ƙasa kamar jemagu, uku manya huɗu ƙanana, kowace da ɗan garwashi ja a cikinta. In an kunna shi ba ya magana nan take, sai kwalaben sun ɗumama, shagon ya ɗauki ƙamshin tsohon katako. Ya ce na zamani ba su da kwalba, shi ya sa muryarsu take kamar an yar da kwano a siminti.

Na ce masa Allah ya shirye shi, na tafi. Washegari na biyo ta nan. Jibi ma haka. Duk ranar da Nepa suka ɗauke wuta shagon ya yi shiru, sai in isa gida ina yi wa kaji faɗa ba su yi mini laifin komai ba. Ba zan ja ku ba, ruwa ba ya tsami banza. Ya karɓi lambata, ya nemi izinin zuwa wurin manya.

Manyan kuwa mutum ɗaya ne, yayana Alhaji Maikuɗi, dillalin hatsi, shi ne waliyyina. Ya kira ni zaurensa, yana zaune a kan buzu da carbi a hannu.

"Batulu, na bincika. Mutumin yana salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma makaɗi ne."

"Mai gyaran rediyo ne, Yaya."

"Mai gyaran rediyon da ake jin kiɗansa tun daga bakin titi. Gidanmu ba mu taɓa haɗa jini da maroƙa ba."

"Wa ya roƙa?"

"Kar ki mayar mini da magana. Ya rabu da kayan kiɗan nan, in ɗaura. Bai rabu da su ba, ki ci gaba da suyar ƙosanki."

Na tashi na fito. Ni da na rene 'ya'yana da cewa ba a ja da babba, ba ni zan fara ba. A raina kuma na ce Malam Yahuza ba zai yarda ba, sai in huta, in koma yadda nake. Ashe ya yarda. Ko musu bai yi ba. Ya ce wa Yaya a gaban shaidu, "Kafin a kawo lefe na rabu da abin da ke sa akwatin nan magana." Aka sa rana.

Daga nan shagon ya mutu. Ko an kawo wuta sai dai ƙugin rediyon mutane. In na wuce ya gaishe ni da fara'a, amma fara'ar irin ta mai jinya ce da yake ce wa 'yan dubiya da sauƙi. Na riƙa tambayar kaina, wai wane ne zan aura? Mutumin da ya tsayar da ni a hanya, ko wannan da ke zaune yana juya sukudireba a hannu yana kallon titi?

Lefen bazawara ba ya da yawa. Akwati ɗaya aka kawo, ruwan toka, mai taya. Kun san al'ada, amarya ba ta zama a wurin buɗe lefe ko da ta yi jika, don haka na tsallaka gidan maƙwabta na bar wa Murja matar Yaya ragamar komai. Ta bango ina jin guɗa, ina jin ana lissafa atamfa da leshi da takalma. Wayata kuma tana wurin mai caji tun safe. Ku riƙe wannan, rashin sani ya fi dare duhu.

Da gari ya waye na karɓo wayar, na tarar da saƙon murya daga Malam Yahuza. Na shiga ɗaki na sakaya ƙofa kamar 'yar sha shida, na kara a kunne.

"Batulu, barka da gida. A ƙasan akwatin lefen, cikin farin rawani, akwai kwalaben nan bakwai. Na cire su da hannuna. Ban iya sayar da su ba, ban iya zubar da su ba, irinsu an daina yi tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Na ba ki su, halak malak. In kin ga dama ki jefa a masai, ba zan tambaye ki ba. Sai dai kar a bari su bugu."

Na saurara sau uku. Sannan na janyo akwatin, na ɗaga atamfofi, na warware rawanin. Huɗu na gani.

"Murja! Ina sauran?"

Ta leƙo tana ɗaura ɗankwali. "Sauran me? Au, turaren nan? Ai an fitar da na dangi. Kin san ba a buɗe lefe a hana 'yan uwa ɗan abin ƙamshi."

"Turare?"

"To mene ne? Kwalba ce, an naɗe ta da rawani kamar jariri. Gwaggo Ummussalma ta ce irin na Makka ne mai tsada, wanda ba a ganin ruwansa. Ta ɗauki manya biyu ta tafi Gwaram. Inna Hapsatu ta ɗauki ƙarama ɗaya, ta wuce Basirka tun jiya."

"Turare da ƙafafun ƙarfe, Murja? Kin taɓa ganin turare da haƙora?"

"Ni na san abin da Larabawa ke ƙerawa? Ke da za ki gode an fita kunyarki."

Na zauna a bakin gado da huɗun a cinyata. Sanyi ƙalau, babu garwashi, sai 'yar azurfa a kan kowace kamar hular yaro. Ga mafita ta zo da ƙafarta. Yaya ya samu abin da yake so, ba ni na zubar ba, ba wanda zai ce na yi laifi. In yi shiru kawai, akwatin kiɗan ya mutu har abada, in shiga gidan miji lafiya. Na ɗaga ɗaya wajen hasken taga. A cikinta akwai wasu ƙananan ginshiƙai da wayoyi, kamar wani gari da aka gina wa iska. Na daɗe ina kallon garin nan. Sai na ji ina neman takalmina.

Na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa babban mayafi ruwan madara. Na buɗe akwatin lefen na ɗebi turaren gaske kwalba biyu da turmi ɗaya na atamfa, don karɓar kyauta daga hannun wanda aka ba abin kunya ne, ba a zuwa hannu rabbana. Na ce wa Murja na tafi gaisuwa. Ta bi ni da ido har zaure.

Damina ce, hanyar Gwaram ta yi kore shar. Na samu gefen taga a bas. Gero da dawa suna ta wucewa, shanu farare a bakin fadama, duwatsu sun jiƙe suna ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa. Injin motar yana ƙugi, ni kuwa cikin ƙugin nake jin tsirkiyar nan tana tafiya tana dawowa. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga kwalabe uku suna tafe a gabana a kan titi da 'yan ƙafafunsu na ƙarfe, kowace da fitilarta a ciki, ina kiran su suna waiwayowa ba sa tsayawa. Kwandasta ne ya tashe ni. "Inna, Gwaram. Ko za ki zarce da mu?"

Gwaggo Ummussalma ƙanwar babanmu ce, ta kusa tamanin, bakinta bai tsufa ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"Amarya da kanta? Ko angon ya fasa ne?"

"Yana nan, Gwaggo. Gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da jaka a hammata. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa mata, na miƙa mata turaren. Ta kai ni ɗaki. Ga su can a cikin kabad ɗin gilashi, ta ɗora su a tsakiyar tangaran ɗinta, ɗaya dama ɗaya hagu, ta sa furen roba a tsakani.

"Na shinshina har hancina ya gaji, ban ji komai ba," in ji ta. "Na ce to ko na kallo ne. Ashe hanjin garaya ne. Ke Batulu, ke da kika fasa gangar ɗanki da taɓarya, yau ke ce kike yawon neman kayan kiɗa?"

"Ni ce, Gwaggo."

Ta dube ni. Sannan ta sa hannu ta ɗauko su a hankali kamar ƙwai. "Ajiye turarenki ɗaya, ɗaya ya ishe ni. Mijina na biyu busa sarewa yake yi in ya kai shanu kiwo. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, saboda sarewar na zauna da shi, don shi kansa ba shi da daɗin zama. Tashi ki tafi kar rana ta yi miki."

Basirka sai da na hau acaɓa, don motar ta ƙi cika. Na rungume jakar a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai na ce wa yaron ya ji tsoron Allah. Inna Hapsatu yayar mahaifiyarmu ce, idonta ya yi rauni. Da na yi mata bayani sai ta kama salati.

"Wayyo Batulu. Ai na yi ta murɗa ta ta ƙi buɗuwa. Na ce wa kaina bari in ɗan ƙwanƙwasa mata bayan wuƙa a ka, yadda ake yi wa kwalbar allura. Sau ɗaya tak. Na ji ta yi tsit, na shinshina, babu komai. Na ce an cuci bawan Allah, an sayar masa da fanko."

Ta lalubo ta daga ƙarƙashin matashi. Ba ta fashe ba, ɗan tsinin kanta ne kawai ya ɓalle. Amma azurfar nan ta kanta ta koma fara fat, kamar an shafa alli. Ban san komai a kan kwalba ba, amma na yi wankan gawa ba sau ɗaya ba, na san yadda abu yake in mai shi ya fita.

Ban yi mata faɗa ba. Me zan ce wa tsohuwar da ta so ta yi ƙamshi a bikina? Na ba ta turmin atamfa da ɗayan turaren, na buɗe mata shi da hannuna, ta shafa a wuya tana sa mini albarka.

Rana ta yi sanyi sa'ad da na sauka a Birnin Kudu. Ban biya gida ba. Na tarar da shi a shago, ya kifa wata rediyo yana kallon cikinta ba ya taɓa komai. Akwatin kiɗan yana lungu, an rufe shi da tsohon zane, an ɗora masa buta a kai.

Na shimfiɗa rawanin a kan teburinsa.

"Malam, ga baƙinka. Sun je Gwaram, sun je Basirka."

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya share ido da hularsa, sai idonsa ya faɗa kan farar. Dariyar ta tsaya. Ya ɗauke ta, ya juya ta.

"Iska ta shige ta. Wannan ta riga mu."

"Shi ke nan akwatin ya mutu?"

"A'a. Zai yi magana. Ita wannan aikinta ɗaya ne, ita ke ɗaukar sautin ta kai shi nesa ta dawo da shi. In babu ita babu amsa-kuwwa."

Ashe abin da ya tsayar da ni a hanya ranar nan, shi Inna Hapsatu ta ƙwanƙwasa da wuƙa.

"Mayar da shidan," na ce.

"Batulu, na yi wa Alhaji alkawari."

"Ka cika. Mayar da su na ce."

Ya sauke butar, ya yaye zanen. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa cusa su a gurbinsu, yana ɗan girgiza kowace har ta zauna. Allah ya sa akwai wuta. Ya danna makunni, muka zauna muna kallon garwashin yana tasowa a hankali kamar gari yana wayewa a cikin kwalba. Ya ɗauko jitar daga bayan ƙofa, ya hure ƙura, ya taɓa.

Sautin bai je ko'ina ba. Bai gai da duwatsu ba, bai kai ni gonar babanmu ba. Nan ya tsaya a cikin shagon, tsakanina da shi, da ɗumi, da 'yar dishewa, kamar mutum ya zauna kusa da kai a tabarma yana yi maka magana ƙasa-ƙasa don kar yara su ji. Na ji har motsin yatsunsa a kan tsirkiya, na ji numfashinsa. Wata nawa ina bin sautin da ke can nesa, ban taɓa jin mai kaɗa shi ba sai yau.

"Salamu alaikum."

Yaya ne a bakin ƙofa, da babbar rigarsa ruwan goro, ƙaiƙayin kasuwa a kafaɗarsa. Malam Yahuza ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, ya miƙe tsaye. Yaya bai dube ni ba.

"Malam, haka muka yi da kai? A gaban shaidu?"

Kafin ya buɗe baki na riga shi. Ban taɓa tsoma baki a maganar maza ba, ranar na tsoma.

"Yaya, ya rabu da su. A lefe ya sa, matarka ce ta buɗe, dangi sun shaida, har sun ɗiba. Lokacin da mijin 'yarka ya so ya kwashe mata akwatuna, wa ya tsaya a zaure ya ce abin da aka ba mace a lefe nata ne, ko alƙali ba ya taɓa shi? Kwalaben nan nawa ne. Ni na ce a kunna."

Masu wucewa sun fara rage tafiya. Yaya ya dubi akwatin, ya dubi jan hasken da ke faɗowa a bango ta bayansa, sannan ya dube ni, irin kallon da yake yi wa buhun da aka ce masa gero ne ya soka ya ga maiwa.

"Goron ɗaurin auren yana ɗakina, Batulu. Ban raba ba tukuna."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani."

Ya gyara rigarsa a kafaɗa, ya juya, ya bi hanyar gida. Malam Yahuza ya kai hannu zai kashe akwatin.

"In ka kashe mini kayana," na ce masa, "sai ka biya."